Furen da Ya Haye Katanga

Tokar ba ta gama hayaƙi a gindin katanga ba wayar tela ta yi ƙara. Matarsa ce daga asibiti. Ta ce likita na son reshen tsiron nan, da ganyensa da furensa, yanzu-yanzu.

Tela ya dubi tokar. Shi dai mutum ne da hannunsa ke riga kansa yanke shawara. Da safe da aka tarar da autarsu tana amai a tsakar gida, leɓenta duk farin ruwan tsiron mai kama da nono, uwar ta saɓe ta sai asibiti, shi kuwa gogan, adda ya ɗauko. Ya sassare abin, ya tone saiwar, ya tuttula kananzir ya ƙyasta ashana. Tsiron da kansa ya fito bara, ya nannaɗe igiyar shanya ya haye katanga, har baƙi na yaba furensa.

Likitan ya karɓi wayar. Ya ce masu irin wannan farin ruwa babban dangi ne: wasu amai kawai suke sawa, wasu zuciya suke taɓawa, ga shi bugun zuciyar yarinyar ya fara ja baya. Ya tambaye shi ko ganyen biyu-biyu yake jeri ko uku-uku. Tela, mai gane awon wuyan mutum tun daga bakin ƙofar shago, ya kasa amsawa. Ya ce furen fari ne. Ko kuwa ruwan ɗorawa. Akwai dai wasu zare-zare da ke reto a jikinsa.

"Malam, ba na ba da magani a kan wataƙila," in ji likitan.

Sai muryar matar ta dawo, a dushe.

"Baban Auta, je makarantarsu. Malamarsu ta roƙe ni, na yankar mata ta dasa. Ya kama."

Ya figi babur. Ya iske tsiron ya lulluɓe shingen filin wasa, ya ma fi na gida ƙoshi, ganyensa uku-uku. Ya ɓalle reshe guda, farin ruwan ya gangaro masa a yatsa.

Yana juyawa aka kaɗa ƙararrawar tara. Yara suka ɓarko daga azuzuwa a guje, kuma ba wajen lilo suka nufa ba. Wata ƴar ƙarama mai giɓi ta ja birki a gabansa, ta nuna saman shingen.

"Baba, tsinko min furannin can sama. Sun fi zaƙi."