Layin Alli a Jikin Katanga

"Tsaya nan," in ji mai gyaran agogo daga kan bencinsa. "Koma gida."

Matar ta dafa katanga. "Baba, ai ban gaji ba tukuna."

"Shi ya sa. Kullum sai kin gaji kike juyawa, ki je ki zube kwana uku kamar buhu."

Tela ce, maƙwabciyarsa. Shekara biyu ke nan gajiya ta kwantar da ita. An auna jini, an ɗauki hoto, likita bai ga komai ba. Ƙura ta rufe keken ɗinkinta, mijinta ya fara yi mata kallon malalaciya. Tsohon nan kaɗai ya yarda ba ƙarya take yi ba. A cewarsa jiki ma yana tsorata, kuma abin da ya tsorata lallashinsa ake yi.

Don haka kowace safiya takan tako daga ƙofarta tana jan numfashi a hankali, shi kuma ya ja layi da alli a jikin katanga inda ta tsaya. Duk mako layin yana matsawa taku biyu.

"Baba, wannan tarin naka fa?"

"Ni ƙarfena ne ya cinye, 'yata. Naki tsatsa ce kawai."

Saura taku shida ta kai bencin, ciwo ya kwantar da shi. A kwana na huɗu, da hantsi, ya cika.

Ita ma ta koma gado. Wa zai ce mata tsaya? Sati guda ba ta leƙa waje ba, har matar marigayin ta shigo.

"Tashi ki ga ɓarnar da ya yi wa katangar mutane. Ya ce kar in faɗa miki sai ya tafi."

Ta fita. Layukan ba su ƙare a bencin ba. Sun wuce shi, taku bibbiyu, a karkace, kowanne ƙasa da wanda ya riga shi, kamar hannun da ya ja su yana rasa ƙarfi, har ƙofar shagon mai sayar da zare.

Ta taka zuwa sabon layi na farko. Ƙafarta na son ƙari. Ta taɓa allin, ta ja numfashi, ta juya.

A ɗaki ta dafa keken ɗinkin. Da ta ɗaga hannu, farin shatin yatsa ɗaya na alli ya zauna a kan baƙin ƙarfen.