Innar Bayan Danga

"Sassauta, Kulu, ai ba kaza kika kama ba," in ji Malam Bitrus, mai ba da magani a asibitin mishan, da ya zo mana har gida. Ya soki dunduniyar jikana, ya matsa, ya matsa, jinin ya ƙi fitowa. Yaron kuwa ya tsala kuka har ya shiɗe. Ko suna ba a yi ba idanunsa suka yi rawaya, shi ya sa aka ce sai an duba jininsa.

Uwarsa ta fizge shi daga cinyata. "Mu je wurin Inna."

Wai Inna. Susana ke nan, maƙwabciyata a Ƙarfi, danga ce kawai tsakaninmu. Ni na haifi yarinyar nan, amma 'yar fari ce, kuma uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta yi mata wasa a gaban mutane. Ina can ina fama da kunya, Susana da ba ta taɓa haihuwa ba ta tsallako ta kwashe. Ita ce kitso, ita ce goyo, Lauratu kaza, Lauratu kaza, kamar ita ta yi naƙudar. Yanzu da yarinyar ta dawo wankan gida, ni ce faskare, ni ce tafasa ruwan jego, amma Inna tana bayan danga.

Mai jego ba ta fita, amma ta fita. Na bi su ina cin magani, Malam Bitrus na biye da mu.

Tun tsinkar auduga Susana ke kwance da tari, ta rame sai idanu. Ta lallaɓa ta jingina da bango.

"Kai Bitrus, a kan sanyi ka soki ɗan mutane? Lauratu, sa shi a ƙirjinki, fata da fata, ba shi nono. Kulu, a ɗan sammana ruwan ɗumi."

Ruwan da na tafasa ne, ni kuma na ɗauko. Ta tsoma tsumma, ta gwada a kumatunta, ta naɗe ƙafar, ta rufe da tafin hannunta. Malam Bitrus ya ce yana da ƙauyuka a gaba.

"Za su jira," in ji ta.

Da ta kwance, dunduniyar ta yi ja. Ya soka, jini ya ɗigo kan ɗan gilashinsa. Yaron ya ɗan zabura, ya ci gaba da tsotso. Wallahi da ya yi kuka da na fi jin daɗi.

"Matso ki gani, Kulu, don gaba."

"Na haifi bakwai, ba a koya mini riƙon jariri."

"Kin haifa kam," ta ce, ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Yarinyar ta harare ni, ta shiga shafa mata baya.

Yaron ya samu sauƙi, aka yi suna. Susana ba ta sake tashi ba. Wata safiya ina tankaɗe na ji matan coci sun fara waƙa a hankali a gidanta. Na yi salati, na ajiye rariya. Mun yi zaman lafiya da matar nan, ban musa ba, hawaye ma na yi.

Yarinyar ta fito da gudu, ta miƙo mini jaririn ba ta ko dube ni ba. Na goya shi na tsaya jikin danga. Ina jin ta a ɗakin Susana tana kuka da dukan muryarta, "Inna, Inna, wa kika bar mini?" Ga ni tsaye da raina. Kishi ya kama ni, kishin gawa, Allah na tuba. Na buɗe baki in kira 'yata, sunan ya ƙi fitowa.

Sai da aka fita da makara ta dawo, idanunta sun kumbura. Ta kwance zanen da kanta, ta zare ɗanta, ta shige ɗaki ta saki asabari.

Na tsaya a tsakar gida, iska na busar da gumin da ya bari a bayana.