Gutsuren Tayil a Ƙarƙashin Tankin Madam Keturah

Ni Zadok, shekara goma sha ɗaya na yi ina yanka gilashi a shagon Bappa Hamajoɗa a Jimeta. Shi ya koya mini riƙon abin yanka, shi ya tsaya mini ranar aurena ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Ga abin da na saka masa da shi.

Madam Keturah, mai gidan abinci a bayan kasuwa, ta ga tankin kifi na gilashi a wani otal a Abuja, ta dawo ta ce sai an yi mata wanda ya fi shi. Tsawonsa taku goma, tsayinsa ya kai ƙirjina. A zuba karfasa da tarwaɗa daga kogin Binuwai, mutane suna ci suna kallo.

Bappa ya yanka, ya haɗa, ya sa gam da hannunsa. Ranar da za a kai, ƙafarsa ta kumbura, sai ya tura ni.

"Ka auna ƙasan wurin," ya ce. "In ta karkace, a zuba dakali tukuna. Ruwan da zai ɗauka ya fi ƙaramar mota nauyi."

To, kun san masu tayil namu, kullum sai sun karkata ƙasa wajen ƙofa don ruwan wanki ya fita da kansa. Muna ajiye tankin, kusurwa ɗaya ta tsaya a iska. Na ce dakali, Madam ta ce kai, a ɓata mata sabon tayil ana saura kwana biyu buɗewa? Ni kuma sarkin dabara, na tsinci gutsuren tayil na cusa a ƙarƙashi, yadda muke yi wa akwatin gilashin masu burodi. Ya zauna daram. Har wani daɗi na ji, don sakarci.

Sati uku ya yi. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, wurin cike, ya fashe. Ruwa ya kwashe kujeru har bakin titi, tarwaɗa na birgima a cikin shinkafar mutane, gilashi ya tsaga wa wata mata ƙauri.

Da muka iso, Madam ta nuna Bappa a gaban jama'a. "Baba, hannunka na rawa, ka ƙi yarda! Gam ɗinka ne bai kama ba!"

Bappa ya durƙusa da kumburarriyar ƙafarsa yana jujjuya fasassun gilasan. Ni ina tsaye, bakina kamar an ɗinke. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Magana ta zaga Jimeta har Yola Gari. Masu kawo aiki suka fara leƙowa suna cewa, "Zadok muke so, ban da tsohon." Ni kuma ina karɓa. Wata biyu ina karɓa.

Wata ranar Juma'a da safe na kasa daurewa. "Bappa, akwai abin da ban faɗa maka ba."

Ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da gutsuren tayil ɗin nan, ya ajiye a gabana.

"Tsagar gilashi ba ta ɓoye inda ta taso, ɗana. Duk ta koma kusurwa ɗaya, nauyin ruwan ya taru a kan ɗan abin nan. Gam ɗina ko motsi bai yi ba. Tun ranar na tsince shi, kafin Madam ta gani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kai kana da yara uku da shekaru a gaba. Ni na kusa ajiye aiki." Ya tura mini tayil ɗin da yatsa. "Amma kullum da safe ina cewa yau zai faɗa mini da bakinsa. Ban zaci za ka kai wata biyu ba."