Awartakin Inuwa Wanzami

"Ka zo ƙarasa shi ne?" in ji Zahara'u, ta tare ƙofar ɗakin mijinta.

Inuwa wanzami ya raɓe ta ya shige. Maiwada maƙeri na kwance kan tabarma, kunci ya kumbura har ya rufe ido ɗaya, ɗakin sai warin mugunya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma tun da haƙorin Maiwada ya karye a hannun Inuwa, saiwar ta maƙale, ko sallama ba ta haɗa su ba. Asibitin Magarya ma sun ce an makara.

Ba dubiya ce ta kawo Inuwa ba, Allah na gani. Duk Sassumbrum ana cewa hannunsa ya kashe mutum, ko aski an daina kawo masa. Kalma ɗaya yake nema daga bakin nan kafin ya rufe.

"Maƙeri, ka ji tsoron Allah, ka gaya wa mutane awartakinka ne ya goce. Kai ka ƙera shi."

Maiwada ya juyo da ƙyar. "Na ce ka jira in yi maka mai ƙafa ɗaya cikin ɗaya, wanda bakinsa ba ya kaucewa. Ka ce sauri kake. Na ɗora ƙafa kan ƙafa, na ɗame ƙusar da zafinta. Wa ya sa mata magagari ya goge ta?"

Inuwa ya ji kamar ya shaƙe shi. To, ya goge kan ƙusar, sai me? Kowane wanzami yana son abin da zai buɗe da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da haɓar mutum!

"Ƙarfenka ne ruɓaɓɓe," in ji shi.

"Ƙarfen mota ne. Ka sassauta masa gaɓa, ka murɗa, baki ya bar baki." Maiwada ya tofar da yawu mai jini a kasko. "Ko a gaban Mahalicci haka zan faɗa. Zahara'u, kin ji dai."

"Na ji," ta ce daga bakin ƙofa. "Kuma kowa zai ji."

Da la'asar Maiwada ya cika. Inuwa ya bi gawa, sahun da ya tsaya aka bar masa fili hagu da dama.

Ran Laraba aka yi suna a gidan ƙanen Inuwa. Inuwa na zaune a zaurensa ya ga wani wanzami daga Bande ya sauka daga kan moto, ya gyara zabira a kafaɗa, ya yi sallama ya shiga gidan sunan.