Muryar Madam Rina a Cikin Gwangwanin Biskit

Ni Hambali mai gyaran rediyo, shekarata talatin da ɗaya a rumfa ɗaya a Kasuwar Sabon Gari. Boko aji uku na yi na gudu, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Masu takardun ne ke zuwa su tsaya a kaina suna kallon hannuna.

Wata Laraba cikin Afrilu, ana zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, aka shigo layinmu da wata farar tsohuwa 'yar firit, tana dogara sanda. Mai riƙe da ita Obinna ne, shugaban mawaƙan wani coci a nan Sabon Gari, mutumin da ko banɗaki zai shiga sai da jakar kwamfuta.

"Malam Hambali," in ji shi, "ka san wace ce wannan? Madam Rina ce, mawaƙiyar opera! Ta yi waƙa a Roma, ta yi a Milan!"

Na ce, "To, a Kano me ta yi?"

Tsohuwar ta ce, "Atamfa na sayar a Fagge. Ba ni kujera, malam, ƙafata ba ta san Roma ba." Hausarta ta fi ta Obinna.

Ban tambaye ta tarihi ba, amma tsoho in ya samu kujera sai ka ji. Bayahudiya ce, haihuwar Turabulus. Ubanta shi ke rera addu'a a wurin ibadarsu, kuma a ganinsa mace ba ta ɗaga murya gaban maza. Rikici ya kore su zuwa Italiya tana budurwa, can ta shiga wannan opera. Yadda ta bayyana mini, wasan kwaikwayo ne da ba a magana sai waƙa. Mace ta sha guba, maimakon ta faɗi ta mutu kamar kowa, sai ta kwashe rabin awa tana ihu, mutane sun sa kwat suna tafi. Ita ce mai siririyar muryar can sama. Shekara tara ta yi, ubanta bai taɓa zuwa ba. Sai ƙari ya fito mata a maƙogwaro, likitoci suka yanke shi, suka haɗa da muryar. Ta auri wani ɗan kasuwar yadi, ya kawo ta Fagge, ya mutu ya bar ta ba ɗa ba jika.

Ta ɗora gwangwanin biskit a kan teburina. A ciki akwai tef mai faifai, irin na gidan rediyo na da.

"Duk duniya nan kaɗai muryata ta rage," in ji ta. "Shekara arba'in ban ji ta ba. Kunnen hagu ya mutu, na dama yana bin sa. Ina so in ji kafin ya tafi."

Obinna har ya aro injin juya tef ɗin, yana ta rawar kai a kunna yanzu. Na taɓa zaren. Yana danƙo kamar alawar da ta kwana a aljihu.

Na ce, "Kunna shi yanzu, jan garin da ke riƙe da muryar ya kankare a kan injin, ka kai wa Madam leda gida."

Ya duba wayarsa. Wai intanet ta ce sai an gasa shi a wata na'ura ta musamman, gara a aika Landan.

"Landan ɗin da ba su da rana? Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta."

Na taka benci, na cusa gwangwanin tsakanin kwano da silin rumfata. Wanda bai san zafin wurin nan a Afrilu ba bai san Kano ba. Na ce kwana uku, a dawo Asabar.

"Asabar ba na fita, ranar hutun addininmu ce," in ji Madam. Obinna kuma Lahadi yana coci. Aka tsayar da Litinin.

Na gaya musu gaskiya tun a ranar: ko ya bushe, juyi ɗaya zai yi. Ɗaya tak.

Litinin da hantsi Obinna ya zo kamar mai ɗaukar fim. Kwamfuta, wata fitila mai zagaye kamar taya, waya a kan ƙarfe, da mata biyu daga cikin mawaƙansa sun sha ɗaurin kai. Ya jona kwamfutar da injin, ya ce ita za ta naɗe waƙar, duniya ta ji. Na bar shi da kayansa. Tun da safe na riga na ja waya ta bayan tebur zuwa wata tsohuwar rakoda ta kaset. Ban yarda da injin da ba na ganin cikinsa yana juyawa ba.

Madam ta matso da kunnen dama kusa da sifika. Na kunna.

Da farko goge ne da yawa, kamar sauro a ɗakin haya. Sai muryar ta shigo. Jama'a, in wannan ne ake sa wa kwat, to Turawa ba su da aikin yi. Ta hau, ta hau, ta je wani wuri ta tsaya ƙyam, kamar bel ɗin injin markaɗe in ya kwance. Lateef mai sayar da waya a rumfar gaba ya leƙo yana tambaya wa ya rasu. Matan nan biyu sun dafe ƙirji suna lumshe ido, alhali na rantse ba su san kalma ɗaya a ciki ba. Obinna ya juya mana baya, yana yi wa wayarsa bayani da Turanci, har da share hawayen da babu.

Ni idona na kan injin. Jan gari na taruwa a bakinsa. Minti goma sha ɗaya, zaren ya ƙare.

Madam ta ɗago. "Ban ji ba," in ji ta. "Janaretocin kasuwar nan sun cinye ta. Sai ɗan tsinin sama na kama."

"Babu damuwa, Mama, tana cikin kwamfuta," in ji Obinna. Ya juya, ya danna, ya sake dannawa. Gumi ya keto masa. Ashe tun da aka fara bai danna maɓallin naɗa ba, hankalinsa na kan fuskarsa a waya. Wayar kuma surutunsa ta ɗauka da ƙarar janareta.

"Malam Hambali, a sake kunnawa!"

Na ɗaga zaren ya gani. Wurare da yawa ana hango haske ta cikinsa.

Matan suka fara salati irin nasu. Madam ba ta yi kuka ba. Ta rufe gwangwanin a hankali, ta laluba sandarta.

Na ce, "Zauna, Madam, ban sallame ki ba."

Na zaro kaset ɗin daga bayan tebur, na mayar da shi farko, na sa a wata ƙaramar rakoda ta aljihu da wani ya kawo gyara tun shekara shida bai dawo ba. Na saka mata abin ji a kunnen dama, na murɗa har ƙarshe.

Minti goma sha ɗaya ba ta motsa ba, sai ɗan yatsanta da ke bugun kan sanda. Da ya ƙare ta cire abin da kanta.

"Yarinyar nan tana gaggawar numfashi," in ji ta. "Amma ta kai inda za ta." Ta dube ni. "Kai me ka ji, Malam Hambali?"

"Ihu na ji, Madam."

"Haka babana ya ce. Shi ko ji bai yi ba."

Obinna ya miƙo hannu, wai a ba shi kaset ɗin ya kwafa a kwamfuta. Madam ta jefa shi cikin jakarta tare da rakodar, ta zuge.

"Malam Hambali zai kwafa, ina zaune ina kallo," in ji ta. "Kai sai ka riƙe masa fitila."