Ƙeyar Kyaftin Wagdi

Mukullin ya ƙi juyawa. Kyaftin Wagdi ya sake murɗa shi da hannun hagu, ya yi tsaki, ya murɗa ta ɗaya gefen, sannan ƙofar akwatin ƙarfen ta buɗe. Hannunsa na dama yana cikin aljihun kwat, inda ya tare tun lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye a sanyin bara. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma yatsun nan biyar sun ce su kam sun gama aiki.

Abu ɗaya ya kawo shi kulob ɗin harbi a wannan safiya ta Juma'a: ya kwashe kayansa, ya mayar da mukulli, ya koma gida ya zauna a baranda yana kallon teku kamar sauran tsofaffin Iskandariyya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shigo da manyan jiragen ruwa tasha ba tare da ya goga ko ɗaya da bango ba, ba zai tsaya yara suna kallonsa yana kokawa da ƙaramar bindiga ba. Ya fito da abin toshe kunne, ya fito da tabarau, sannan ya jawo akwatin fatar. Bai yi niyyar buɗewa ba, amma ya buɗe. Bindigarsa tana nan kwance, baƙin ƙarfenta ya koɗe a gefe, ƙotarta ta itacen goro wadda wani kafinta a unguwar Manshiya ya sassaƙa daidai tafin hannunsa na dama, har da gurbin babban yatsa. Ya ɗora hagu a kai. Kamar mutum ya sa takalmin dama a ƙafar hagu.

"Kawu Wagdi! Wato shigowar ɓarayi ka yi, ko sallama babu?"

Marina ce, kocin kulob ɗin, 'yar amininsa marigayi Makram. A gabansa aka yaye ta, yanzu ga ta da furfura biyu-uku a goshi da usur a wuya.

"Na zo sallamar ne gaba ɗaya, 'yata. Ga mukullinku."

Ta kalli mukullin, ta mayar da hannayenta baya. "Ni ba na karɓar mukulli ranar Juma'a. Matarka, Anti Nagat, ta yi mini waya tun jiya. Ta ce in na bari ka koma mata gida ka zauna, ni da ita ne. Ta ce ka fara koya mata yadda ake dafa shinkafa."

"Ai ba ta iya ba."

"Shekara arba'in kana ci. Zo ka ga wani abu."

"Marina, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"In hagu ta ƙiya a koma dama, ba haka ake cewa ba? To kai dama ce ta ƙiya. Zo mana, kallo kawai."

Ya bi ta, don bai taɓa iya ce mata a'a ba. Rumfar harbin tana nan yadda ya bar ta: warin hayaƙin harsashi da na man bindiga, fankar da take juyi tana kuka, da iskar teku mai gishiri da take cinye musu ƙarafa. Tsofaffin kulob kowa da gurbinsa, ba a rubuce ba, amma ko baƙo ya san ba a taɓawa. Na Wagdi yana tsakiya. Na hagunsa na Makram ne, kuma tun da aka kai shi makwancinsa shekara biyu da suka wuce ba wanda ya tsaya a wurin. Na damansa na Likita Shukri ne, tsohon mai cire haƙora, wanda a yanzu haka yake tsaye yana jera harsasai a kan tawul kamar zai yi wa wani aiki a baki.

Ba su gaisa ba. Sun fi shekara goma ba sa gaisawa. A wata gasar kulob Shukri ya yi alƙalanci, harsashin Wagdi ya huda takardar saiti daidai kan layi, Shukri ya ce maki tara ne ba goma ba, kofi ya tafi hannun wani. Wagdi ya faɗa masa maganar da ba a faɗa wa likita a gaban jama'a. Tun daga ranar suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa kowace Juma'a kamar turakun rumfa, kuma ba wanda ya yarda ya sauya gurbi, don kada a ce shi ya gudu.

A kan teburin Wagdi, Marina ta jera ƙananan bindigogi uku, duk irin masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Ta nuna masa babu komai a cikinsu, ta miƙa masa ta farko.

"Riƙe. Yanzu cire makarin."

Babban yatsansa na hagu ya yi ta lalube a jikin ƙarfe, bai sami komai ba. Makarin, ɗan maɓallin da ke hana bindiga tashi, yana ɗaya gefen, inda yatsan na-dama yake faɗawa.

"Ka gani? Wadda ta fi kowace kyau ke nan a kulob ɗin nan, amma wanda ya ƙera ta bai san Allah ya halicci bahago ba. Na kawo ta ne don kada gobe wani mai shago ya yi maka daɗin baki."

Ta biyun ba ta da nauyi, jikinta roba, makari da maɓallin sakin gidan harsashi duk suna gefe biyu. Wagdi ya jinjina ta, ya taɓe baki.

"Wannan ta wasan yara ce ko ta fesa wa sauro magani?"

"Ita matasa suke rububi. Sai dai tana tsalle a hannu, kuma in bahago ya riƙe ta, kwanson harsashi yakan biyo ta gaban fuska. Ka ga nan?" Ta nuna wani ɗan tabo a gefen hancinta. "Kyautarta ce."

Ta ukun bai bari ta yi bayani ba. Ya gane ta tun daga nesa. Wata bazara ce mai zafi, Marina tana 'yar makaranta, shi da Makram suka karaɗe shagunan Manshiya da ƙafa suna neman bindigar da za ta dace da yarinya bahaguwa. Masu shago suna ta dariya. Wani ya ce a ɗaure mata hagun na wata ɗaya za ta warke. Wagdi kansa ya ce wa Makram, don Allah ka koya mata dama mu huta. Makram ya share gumi ya ce, "Uwarta ta yi, malaman makaranta sun yi, limamin cocinmu ya yi. Kai wa?" Daga ƙarshe suka same ta a wani lungu wajen wani tsoho Ba'armeniye, suka zauna a bakin teku suka sha ruwan rake, Makram yana rungume da akwatin kamar jariri. A lokacin gashinsu baƙi ne, kuma Wagdi yana iya riƙe hannu a miƙe har shayi ya huce.

"Ba zan karɓi wannan ba."

"Wa ya ce kyauta ce? Gwaji ne. In ta yi maka, mu nemo irinta." Ta sassauta katakon da ke tallafe gefen tafi, ta faɗaɗa shi daidai hannunsa, ta ɗaure. Yatsunsa suka shige gurabensu. Makari yana ƙarƙashin babban yatsa, kunama tana daidai gaɓar manuni. Ta ɗauki tabarau ɗinsa, ta ɓare 'yar takardar da ta rufe idon hagu tun zamanin da, ta manna ta a na dama. "Ido ma sai ya koma. Tsaya yadda ka saba, amma a juye."

Mai harbi da hannu ɗaya a karkace yake tsayawa, kafaɗar hannun da ke riƙe da bindiga tana duban takarda. Na-dama ƙirjinsa hagu yake kallo. Haka Wagdi ya tsaya fiye da shekara talatin, kuma abin da ke gabansa duk tsawon lokacin shi ne bayan Makram. Ya san ƙeyar nan fiye da yadda ya san tasa fuskar. A gabansa sanƙo ya fara mata kamar kwabo har ya cinye ta. Ya san tawadar Allah da ke ƙasan kunnen, ya san yadda kafaɗar take tashi in Makram ya ja numfashi, ta sauka rabi, ta tsaya cak. Da wannan kafaɗar yake auna nasa numfashin. In ta tsaya, shi ma ya tsaya, sai harbi biyu su tashi kamar ɗaya. Bayan rasuwarsa ma, gurbin da ba kowa yake kallo, yana ganin kafaɗar a ransa.

Ya sa ƙafar hagu gaba, ya juya. Gurbin Makram ya koma bayansa. A gabansa, taku biyu kacal, ga Likita Shukri, ƙirji da ƙirji, ido cikin ido.

Wagdi ya ajiye bindigar a kan tebur.

"A'a. Ba zan iya ba."

"Kawu, ko ɗagawa ba ka yi ba."

"Ba hannun ba ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan juya wa mahaifinki baya ba, Marina. Ki bar ni in tafi gida."

Idonta ya kawo ruwa, ta shiga gyara usur ɗin da bai karkace ba. Wagdi ya fara cire tabarau da hannu ɗaya, cike da kunya da baƙin ciki.

"Ikon Allah," in ji wata murya. "Ashe haka fuskar take."

Shukri ne. Ya zame abin toshe kunnensa zuwa wuya, yana duban Wagdi sama da ƙasa kamar mai duba ruɓaɓɓen haƙori.

"Da ni kake, Likita?"

"Da wa zan yi? Shekara talatin ina kallon ƙeyarka, Kyaftin. Wallahi ƙeyar ta fi kyau."

"Kai kuma ka tsufa. Wa ya kwashe maka kumatu?"

"Kwansunan harsashinka. Kowace Juma'a sai sun sauka mini a wuyan riga da zafinsu. Ka taɓa jin na yi ƙara?"

"Da ka matsa."

"In matsa in je ina?" Shukri ya ɗauki harsashi ɗaya daga kan tawul, ya juya shi a yatsunsa, ya mayar. "Tambayi koci rabona da goma. Tambaye ta mana, ga ta nan."

Marina ta share ido da bayan hannu. "Tun sanyin bara, Kawu. Takwas, bakwai. Ran nan har takardar maƙwabci ya huda."

"Ba a tambaye ki wannan ba," in ji Shukri. Bai kalli Wagdi ba, teburinsa yake kallo. "Kafaɗarka tana tashi, ta sauka rabi, ta tsaya. In ta tsaya sai in taɓa kunama. Ban san da ita nake harbi ba sai da aka wayi gari babu ita. In ɗaga hannu, in duba, ba kowa, har can bango. Gurbi biyu a jere, Kyaftin. Mutum ya rasa lokacin da zai daina numfashi."

Fanka tana ta kukanta. A can ƙarshen rumfa wasu matasa suna harbi ba ƙaƙƙautawa, kamar masu biki. Wagdi ya tsaya da tabarau a hannu. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai kallon tasa ƙeyar ba. Ya tuna wata Juma'a da aka kawo masa kwandon lemo asibiti ba suna, Nagat ta ce daga kulob ne, shi kuma bai tambaya ba. Yanzu ma bai tambaya ba.

"Tara ɗin nan dai goma ce," ya ce.

"Tara ce. Ko a gaban Allah."

"Makaho."

"Na ji. Za ka yi harbin ko tsayuwar gulma ka zo?"

Wagdi ya mayar da tabarau, Marina ta gyara masa shi a bayan kunne. Ta ɗura harsasai, ta sa masa gidan, ta ja baya. Ya ɗauki bindigar. Ta fi yadda ya zata nauyi, kuma hannun da bai taɓa yin abin da ya wuce riƙe cokali mai yatsu da igiyar agogo ba ya fara rawa tun kafin ya kai tsayin kafaɗa. Takardar tana iyo a gabansa. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya taɓa kunama. Ƙarar ta doki rumfa, kwanso ya yi tsalle ya faɗi tsakaninsa da Shukri yana juyi a kan siminti.

Marina ta leƙa madubin hangen nesa. Ta daɗe tana leƙe.

"Huɗu, Kawu. Can ƙasa, wajen dama."

"Huɗu!" Rabonsa da huɗu tun yana saurayi mai gashin baki sabo. Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda rabinta kuka ne. "Amma a takardata?"

"A takardarka."

"To ki nemo mini irinta. Ba ta roba ba. Kuma a sassaƙa ƙotar da itacen goro."

Shukri ya mayar da abin toshe kunnensa, ya ɗauki tasa bindigar, sannan ya ɗaga gefe ɗaya na abin ya ce, "Yanzu ni yaya zan yi saiti da wannan fuskar a gabana?"

"Ka saba. Nagat ma ta saba."

Wagdi ya gyara tsayuwa. Ta gefen idon da ba a rufe ba ya ga Likita ya ɗora bakin bindigarsa a kan tebur, bai ɗaga ba, yana jira. Sai ya ja numfashi a hankali, yadda mai kallo zai gani sosai, ya ɗaga hannun hagu.