Yatsan da Siminti Ya Cinye

Na'urar tantance masu zaɓe ta yi ɗan ƙara, fitilarta ta kawo ja.

"Baba, goge yatsan a rigarka mu sake," in ji yarinyar da ke kula da rumfar zaɓen, ba ta ko ɗago kai ba.

Tsohon Ƙarfe ya goge babban yatsansa a gaban farar rigarsa, wadda ba ya fito da ita daga akwati sai ranar da ta isa. Ya sake ɗora shi a kan ɗan gilashin. Ja.

"Kada ka danna da ƙarfi, Baba, za ka fasa mana."

"Jikata, ai taɓawa na yi. Da na danna, da yanzu gutsattsarinta kike tsinta a ƙasa."

Mutanen layi suka yi dariya, shi kuwa ya ji daɗi. Magini ne, kuma sunan nan ba a banza ya same shi ba. Yana saurayi ya faɗo daga saman bene, ana salati ana neman tabarmar ɗaukarsa, sai ga shi ya miƙe yana kakkaɓe wando yana tambayar ina cokalin gininsa ya faɗa. Bai taɓa zama a aji ba, amma azuzuwa ya gina su har ya manta yawansu. Ya ga mulkin masu kaki, ya ga na masu babbar riga, ya ga yunwa, ya ga annobar da ta kwashe abokan aikinsa, duk suka wuce suka bar shi a tsaye. Kuma tun da aka fara kafa akwatin zaɓe a ƙasar, ba a taɓa buɗe ɗaya babu ƙuri'arsa a ciki ba. Wannan kam yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tambaya ba.

Yarinyar ta kamo hannunsa ta juya shi. Cikin yatsan sumul yake, fari-fari, kamar bayan cokali. Siminti ya daɗe da cinye zanen. Ta gwada manuni, ta gwada na tsakiya, ta koma hannun hagu. Ta sa ya shafa yatsan a goshi ko ya ɗauki maiƙo. Duk ja.

"Bari mu gwada fuska. Cire hular, ka kalli nan."

Ya cire, ya miƙe ƙirji. Ta dubi hoton da ke katinsa, ta dube shi. Mutumin cikin katin yana da kumatu da cikakken wuya, don an ɗauke shi tun kafin ciwo ya kwantar da matarsa, tun kafin ya koyi cin abinci a tsaye.

"Ba ta gane ka ba, Baba."

"Ita wa? Wannan ɗan kwalin?" Ya juya ga layi. "Jama'a, ku gaya mata ko ni wane ne."

Sai a lokacin ya dubi fuskokin da kyau. Baƙi ne, masu haya, 'ya'yan da aka haifa jiya. Ya nemi mai gemu fari ko ɗaya wanda suka taɓa ɗaukar bulo tare, bai samu ba. Wata mata mai goyo ta ce, "Ni dai ina ganinsa yana wucewa da bokiti."

"Ko duk layin nan ya san ka, doka ce," in ji yarinyar, muryarta ta yi laushi. "In na'ura ba ta karɓa ba, ba takardar ƙuri'a. Zauna can, shugabanmu zai zo da wata na'urar."

* * *

Ya zauna a kan benci a barandar makarantar da aka kafa rumfar, hularsa a gwiwa. Rana ta fara cin ƙafafunsa.

Tunaninsa yana gida. Ya bar tsohuwa, matar tasa, a kan katifa, ya jingina ta da bango, ya ajiye mata ruwa a gefen hannun da ke motsi. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, shi ne ƙafarta, shi ne mai wankinta. Da farko yakan kai ta ƙaramin asibitin unguwa ana gasa mata ƙafa, har ta fara jan jiki ta kama ƙofa. Sai gwamnatin jiha ta rufe shi, ta ce za ta haɗe komai a wani katafaren asibiti na zamani bayan gari. Aka yi gadar sama mai zuwa can, aka jera mata fitilu masu launi. Gadar an gama, asibitin kuwa ciyawa ta fito a tagoginsa. Famfon bakin layinsu ya daina ko tari.

Shi ya sa bana ya zaɓi ɗan takararsa tun da wuri. Masu neman shugabancin ƙasar da ake ji da su biyu ne: wani dattijo mai sanyin magana da ke cewa a gyara abin da ake da shi tukuna, da wani mai ruwan baki da ya yi alkawarin sabunta komai daga tushe. Jiya ɗansa, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya bugo waya. Rabon da ya bugo har tsohuwa ta daina tambaya.

"Baba, don Allah gobe kada ka ɓata ƙuri'arka. Ƙasar nan sabon jini take so."

"Sabon jinin ne ya yi mana gada. Uwarka za ta hau gada ta warke?"

"Wannan ai na jiha ne, Baba, ba na shugaban ƙasa ba. Kai ba ka gane yadda abin yake ba."

"Jam'iyyarsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa ɗora bene a kan ɗakin da ke zuba ba. Ba na son a raba min komai. A bar min asibitin da na gani da idona, a sa ruwa a famfo, a hana ɓarawo shiga gida, sauran ni zan yi."

Yaron ya ce ana kiransa, zai sake bugowa. Bai nemi a ba shi uwarsa ba.

Wani mai tuƙa keke mai ƙafa uku ya fito daga rumfa yana hura tawadar da aka shafa masa a farce. Ya tsaya a gabansa.

"Baba, har yanzu? Na san dattijon nan ka zo wa. Ai barci zai yi a kan kujerar."

"To ya yi barcin. Na gaji da masu sammakon rushe mana unguwa."

"Ka ga ko na'ura ma ta ce ku huta haka."

"Kai, ni da na faɗo daga bene ban huta ba, sai don kwali?"

Mutumin ya yi dariya, ya tayar da kekensa ya tafi. Tsohon Ƙarfe ya ci gaba da ba da labarin benen, sai ya lura babu mai saurare.

Layi ya gajarce. Inuwar ginin ta tashi daga bayansa ta koma gabansa. Ya yi tunanin ruwan tsohuwa ya ƙare, ya yi tunanin tana son kewayawa babu mai ɗaga ta. Ya miƙe zai tafi, ya sake zama. In ya tafi, ita da ba ta iya fitowa, shi da aka hana, gidansu ba ya cikin ƙasar ke nan.

Da la'asar aka zazzage akwati a kan tebur aka fara ƙirga da ƙarfi. Ya matsa kusa.

"Jikata, shugaban naku fa?"

Yarinyar ta dube shi kamar ta manta da shi, sannan ta tuna. "Wayyo Baba, bai samu zuwa ba. An rufe. Ka yi haƙuri, sai wani zaɓen."

Ya buɗe baki zai ce wani zaɓen ai zai same shi a tsaye. Sai ya fasa. Ya sa hularsa.

* * *

A bakin layinsu ya tsaya wurin mai shago, ya ce a ara masa biro. Mai shago ya miƙo masa, idonsa na kan rediyo. Tsohon ya juya baya, ya fuskanci bango, ya goga bakin biron a gindin farcensa, ya yi ta gogawa har wurin ya yi shuɗi. Ya mayar ya yi godiya.

Ɗakin ya fara duhu. Tsohuwa ta zame daga bango, kofin ya kife a gefenta. Ya tallabo ta ya gyara mata zama, ya canja mata zane.

"Ka daɗe, Malam," ta ce, harshenta na nauyi. "An yi?"

"Ni da wa? Ina isa aka buɗe min hanya. Yarinyar cewa ta yi, ku matsa ga Tsohon Ƙarfe. Taya su tsare layi ne ya riƙe ni."

"Mu gani."

Ya miƙa mata hannun. Ta riƙe yatsan da hannunta mai lafiya, ta kai shi kusa da ido, wajen ɗan hasken da ya rage a taga. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa farcen da nata yatsan, shuɗin ya biyo fatarta.

"Tawadar bana ba ta da kyau," ta ce a hankali.

"Komai nasu haka yake yanzu."

Ba ta saki hannun ba. Can bayan gari fitilun gada suka kama, ja da kore, suna faɗowa a bangon ɗakin suna ɗaukewa.